Prado mai misin idan ta ɗauki zafi: ta ina ake fara bincike?

Tambayar ta zo ne daga wani manomi a yankin Sakkwato wanda ya sayi Toyota Land Cruiser Prado ta hannu, ƙirar 2006, mai injin fetur silinda shida, domin zirga-zirga zuwa gonarsa a kan hanyar da babu kwalta. Ya ce da safe motar tana tashi lafiya lau, amma da zarar ya yi tafiyar kamar awa ɗaya cikin rana sai injin ya fara rawa, ƙarfinsa ya ragu, fitilar injin da ke kan dashbod ta riƙa ƙyaftawa, allurar zafi kuma takan haura idan ya shiga rairayi ko ya tsaya da esi a kunne. An canza masa filogi bai ga sauyi ba, yanzu kuma makanikensa ya ba shi shawarar a cire tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwan injin hanyar zuwa lagireto idan ya yi zafi, shi ne yake neman sanin ko ya amince.

Malam, Allah ya sanya alheri a wannan mota, kuma tun da farko ina roƙonka kada ka bari a cire tamostat ɗin. Zan kawo dalilina a gaba, amma akwai abin da ya fi shi gaggawa, wato fitilar da ka ce tana ƙyaftawa. Idan fitilar injin ta kama ta tsaya cak, kwamfutar motar tana shaida maka cewa ta ga matsala ta ajiye, kana iya lallaɓawa zuwa gareji. Idan kuwa ƙyaftawa take yi, ma'anarta ita ce wata silinda ba ta ƙone man da ake zuba mata, ɗanyen fetur yana wucewa cikin salansa yana ƙonewa a cikin katalis, wato matatar hayaƙin nan mai kama da saƙar zuma, kuma zafin da ake samu a wurin yana iya narkar da ita har ta toshe. Saboda haka duk lokacin da ta fara ƙyaftawa, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka nemi inuwa ka tsaya, domin kowace tafiyar da ka ƙara a wannan hali kuɗin gyara take ƙara maka.

Injin da ke cikin motarka shi ne wanda Toyota ta sanya wa suna 1GR-FE, mai lita 4.0, kuma gangar jikinsa da kawunansa biyu duk na alminiyam ne. Inji ne mai juriya ƙwarai, amma alminiyam ba ya yafe zafin da ya wuce kima, domin yana lanƙwashewa, kuma da zarar tof silinda, wato kan injin, ya lanƙwashe ko da kaurin takarda ne, gasket ɗin da ke liƙe tsakaninsa da gangar jikin ba zai ƙara riƙewa yadda ya kamata ba. Wannan ne ya sa nake ɗaukar bayaninka a matsayin cuta biyu da suka haɗu a jiki ɗaya. Akwai misin, wato silinda tana tsallake wuta, akwai kuma obahitin, wato ruwan injin yana wuce zafin da aka tsara masa. Wani lokaci ɗaya ce ke haifar da ɗayar, wani lokaci kuma kowacce da tushenta, zafin rana ne kawai yake tona musu asiri a lokaci guda. Aikin mai bincike shi ne ya raba su, kuma ba a raba su da saye-sayen kaya bisa zato.

Mataki na farko shi ne a jona wa motar na'urar sikanin a lokacin da take cikin matsalar, ko kuma jim kaɗan bayan haka, ba tare da an cire kan batir ba, domin cire shi yana iya goge abin da kwamfutar ta ajiye. Lambobin da za su fito suna da ma'ana a sarari. P0301 zuwa P0306 suna nuna takamaimiyar silindar da ke tsallake wuta, lambar ƙarshe ita ce lambar silindar, P0300 kuma tana nufin misin ɗin yana yawo ne a tsakanin silinda da dama. Idan aka ga P0171 ko P0174 tare da su, to iska ta rinjayi mai a ɓangare ɗaya na injin ko duka biyun. Ka nemi mai na'urar ya rubuta maka lambobin a takarda kafin ya goge komai, ya kuma buɗe maka bayanin da kwamfutar ta ɗauka a daidai lokacin da matsalar ta auku, inda za a ga zafin ruwa da gudun injin da nauyin da yake ja a wannan daƙiƙa. Na sha ganin an goge lambobi an ce wa mai mota an gyara, alhali shaidar da za ta kai ga gyaran ce aka zubar.

Idan lambar ta nuna silinda ɗaya, misali P0304, to abin da na fi zargi a irin yanayin da ka bayyana shi ne koyil, wato na'urar da ke tura wa filogi wuta. Wannan injin ba shi da dogayen wayoyin filogi irin na motocin da, kowane filogi yana da koyil ɗinsa a zaune a kansa, guda shida ke nan. A cikin kowane koyil akwai siririyar waya da aka naɗe sau dubbai aka lulluɓe da wani irin danƙo mai tauri, kuma bayan shekaru kusan ashirin na zafi da sanyi wannan danƙo yakan tsage. Da safe, lokacin da komai yake a sanyaye, tsagar tana a rufe, wutar tana bin hanyarta zuwa filogi. Idan inji ya ɗauki zafi sai kayan su buɗa, tsagar ta buɗe, wutar ta samu gajeriyar hanya ta zille zuwa jikin injin maimakon ta tsallaka bakin filogi. Shi ya sa canza filogi bai amfana maka komai ba, kuma shi ya sa makanike zai iya duba motar da safe ya rantse cewa lafiyarta ƙalau. Gwajin ba ya cin ko sisi: a ɗauke koyil ɗin silinda ta huɗu a musanya shi da na ta biyu, a goge lambar, a yi tafiya har matsalar ta dawo. Idan lambar ta koma P0302, laifin ya bi koyil, an kama ɓarawo. Idan ta tsaya a P0304, sai a musanya filogi ta wannan hanya, bayan shi kuma a koma kan nozul ɗin mai da ƙarfin matsin silindar.

Yayin da aka zare koyil, a haska tocila cikin ramin filogin. Idan an ga baƙin mai ya taru a ciki, robar da ke ƙarƙashin murfin bawul ce ta bushe take yoyo, man kuma yana cinye robar koyil ɗin. Idan ruwa ko tsatsa aka gani, to yawanci daga wurin wankin mota ne, inda ake feshe injin da ruwa mai ƙarfi. Ka kuma tambayi irin filogin da aka saka maka. Kasuwa ta cika da jabun filogi masu ɗauke da sunan Denso da NGK, kuma na jabu yakan yi aiki na 'yan makonni sannan ya fara kasawa idan ya ji zafi. Tazarar bakin filogin wannan injin tana tsakanin milimita 1.0 da 1.1, kuma idan ta fi haka faɗi, koyil yana wahala wajen tura wuta, wanda hakan ke gaggauta mutuwarsa.

Idan kuwa P0300 ce ta fito, musamman tare da P0171 ko P0174, sai hankali ya koma kan mai da iska. Famfon mai na wannan mota a cikin tanki yake, kuma fetur ɗin da yake ninƙaya a ciki shi ne ke sanyaya shi. Wanda ya saba tafiya da mai ƙasa da kwata yana gasa famfonsa ne a hankali, kuma tsohon famfo yakan ba da matsi mai kyau da safe sannan ya raunana bayan awa ɗaya, daidai da abin da ka kwatanta. Ba a gane wannan da kunne, sai an ɗaura ma'aunin matsin mai a karanta shi motar tana sanyi, a sake karantawa tana cikin matsalar. Wanda ke shan mai a hannun 'yan bumburutu a kan hanyar ƙauye kuma sai ya sa ran samun ƙasa da ruwa a gindin tanki, waɗanda ke toshe rariyar famfon da bakin nozul. A ɓangaren iska, akwai sensa a bayan matatar iska mai auna yawan iskar da ke shiga, kuma ƙurar hunturu takan lulluɓe siririyar wayarta har ta riƙa ba kwamfuta lissafin ƙarya. Ana wanke ta da maganin feshi da aka yi domin ita, ba a taɓa ta da tsinke ko tsumma ko fetur. Na'urar sikanin tana nuna adadin man da kwamfuta ke ƙarawa domin cike giɓi: idan ƙarin ya haura kashi 10 cikin ɗari motar tana sulo sannan ya sauka idan an taka totur, iska ce ke shiga ta wani tsagaggen tiyo, idan kuwa sai an taka ne yake hawa, to mai ne ba ya isowa.

Yanzu sai batun zafin. Abin da ka faɗa cewa allura tana hawa a tsaye da esi ko cikin rairayi, ba ka kuma ambaci hawanta a kan kwalta ba, ya riga ya nuna inda za a duba, domin a duka yanayin biyu motar ba ta gudun da iska za ta bugi lagireto da kanta, ta dogara ne ga fanka kaɗai. Fankar wannan injin bel ne ke juya ta, amma tsakaninta da bel ɗin akwai wani kulocin ƙarfe mai ɗauke da man silikon a ciki, da wata naɗaɗɗiyar waya a gabansa mai jin zafin iskar da ta ratso lagireto. Idan iskar ta yi zafi, kulocin yakan kama sosai, fankar ta yi ruri kamar na babbar mota. Da tsufa man yakan tsiyaye ko ya rasa kaurinsa, sai fankar ta ci gaba da juyawa a ido amma ba ta jan iskar kirki, mai kallo kuma ya ce ai fanka tana aiki. Ka gwada da kanka: bayan doguwar tafiya ka kashe injin, ka zare makulli, ka tura fiffiken fankar da hannu. Idan ta yi tauri ta tsaya nan take, da sauran ƙarfinta. Idan ta yi ta juyawa sakaka, ko ka ga alamar mai da ƙura sun manne a jikin kulocin, to ta gama aiki. Ka kuma lura ko kana jin rurin nan idan allura ta fara hawa, domin rashinsa shaida ce babba.

Abu na biyu shi ne wurin da ido ba ya kaiwa. A gaban lagireto akwai kwandensa ta esi, wato wani siririn lagireto na esi, kuma tsakaninsu akwai ɗan rata. Motar da ke shiga gona tana kwasar ƙaiƙayi da 'ya'yan ciyawa da laka, su ratsa ta farko su maƙale a fuskar ta biyu. An taɓa kawo mini wata mota irin taka da aka riga aka canza mata wata-famfo, wato famfon da ke zagaya da ruwan injin, da murfin lagireto har da tiyo, zafin bai daina ba, da muka kwance lagireton muka jingine shi sai muka tarar da kusan rabin fuskarsa ta ƙasa a rufe da ciyawa da busasshiyar laka kamar an yi masa yaɓe. Wanki kawai aka yi da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba, allurar ba ta sake motsi ba. Haka kuma a tabbatar cewa rumfar robar da ke kewaye da fanka tana nan ba ta karye ba, domin idan babu ita fankar tana jan iska ne daga gefe maimakon ta cikin lagireto.

Cikin lagireton ma abin dubawa ne, kuma a nan ne al'adarmu ta zuba ruwan rijiya ko na burtsatse take yi mana illa. Irin wannan ruwa yana ɗauke da gishirin ƙasa da ke daskarewa a cikin siraran bututun kamar yadda yake yi a gindin butar shayi, kuma ba shi da maganin da ke hana alminiyam ruɓewa da fiffiken wata-famfo cinyewa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, wanda aka gauraya rabi da rabi da ruwan sanyaya inji yana kaiwa wajen 107, murfin lagireto mai lafiya kuma, wanda ke riƙe matsi kusan 1.1 a ma'aunin bar, yana ɗaga wannan iyaka zuwa sama da 120. Murfin da robarsa ta mutu yana zubar da duk wannan rata, ga shi kuwa yana cikin mafi arahar kayan da ke jikin motar. A garin da zafin inuwa ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, wannan ratar ita ce ke tsakanin isa gida lafiya da tsayawa a daji. Ka sani kuma allurar dashbod ba ta faɗin gaskiya dalla-dalla, an tsara ta ne ta zauna a tsakiya a kan faffaɗan zango, saboda haka idan ka ga ta motsa sama, zafin ya riga ya yi nisa. A karanta ainihin digirin a na'urar sikanin. Tsakanin 82 da 95 lafiya ne, abin da ya doshi 105 kuwa ni ba na barin mota ta ci gaba da tafiya a kansa.

Dalilin da ya sa na hana ka cire tamostat shi ne, a wannan injin aiki biyu yake yi. Yana fara buɗewa a wajen digiri 82 domin ya bar ruwa ya zagaya ta lagireto, kuma a daidai lokacin da yake buɗewar yana rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma cikin injin kai tsaye lokacin da yake sanyi. Idan aka cire shi, wannan gajeriyar hanya tana zama a buɗe har abada, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa komawa inji ba tare da ya ga lagireto ba, a lokacin da aka fi bukatar sanyaya shi. Da safe kuma, musamman da hunturu, injin zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta ta ci gaba da zuba mai da yawa, filogi su yi baƙi, fetur ya wanke man da ke jikin silinda, shan mai ya ƙaru. Tamostat mai lafiya ba ya jawo obahitin, domin da zarar ya buɗe gaba ɗaya ya fita daga lissafi. Idan ana zarginsa, a ciro shi a jefa cikin tukunyar ruwa a kan wuta a gani ko yana buɗewa kafin ruwan ya tafasa, in ya gaza a saka sabo na asali.

Akwai abin da nake fatan ba shi ba ne, amma wajibi ne a kore shi da gwaji, tunda motar ta sha hawan allura kuma ba ka san tarihinta a hannun mai ita na farko ba, wato tof gasket. Alamominsa na farko ba su da hayaniya: ruwa yana raguwa ba tare da an ga inda yake zuba ba, injin yana rawa na 'yan daƙiƙoƙi idan an tashe shi da safe sannan ya daidaita, babban tiyon lagireto yana kumbura ya yi tauri jim kaɗan bayan tayarwa, kumfa tana tasowa a bakin lagireto, ko kuma a ga filogi ɗaya ya fita fes kamar an wanke shi alhali sauran suna da launin ƙasa-ƙasa. Kada a jira sai baƙin mai ya koma kamar madara, domin gasket yana iya ƙonewa tsakanin silinda da hanyar ruwa ba tare da ya taɓa mai ba. Cewar da ka yi motar tana tashi lafiya da safe ta kwantar mini da hankali ƙwarai, amma duk da haka a yi gwajin shuɗin ruwan nan da ake ɗorawa a bakin lagireto, wanda ke komawa rawaya idan hayaƙin silinda yana shiga ruwa. A kuma auna matsin kowace silinda injin yana da ɗumi. Ƙa'idar wannan injin ita ce kusan 189 a ma'aunin psi, kada ya gaza 145, kada kuma bambancin da ke tsakanin silinda da 'yar'uwarta ya wuce 15. Silinda ɗaya da ta yi ƙasa tana iya nuna bawul ɗin da tazararsa ta matse, wanda ba ya rufewa sosai idan ya ɗauki zafi, kuma wannan ma yana kawo misin na rana tsaka. Kada ka yarda a buɗe kan injin kafin a nuna maka sakamakon waɗannan gwaje-gwaje biyu da idonka.

Zafin da kansa yana rage ƙarfin mota ko da babu abin da ya lalace a ɓangaren wuta, domin idan inji ya yi zafi fetur yakan fara fashewa kafin lokacinsa, sensar da ke jin wannan ƙwanƙwasa ta sanar da kwamfuta, ita kuma ta jinkirta wutar filogi domin ta kare fistin. Saboda haka kana iya ganin wani ɓangare na raunin ya tafi da zarar an gyara sanyaya. A ganina, bisa abin da ka bayyana, mafi kusa shi ne koyil ɗaya ko biyu da suka tsufa, tare da kulocin fanka da ya saki ko lagireton da ya toshe, kuma zafin da ke taruwa a ƙarƙashin bonet shi ne yake ƙarasa koyil ɗin.

Kafin a kammala gyaran, ka kula da yadda kake shiga rairayi. Idan giyar motarka otomatik ce, tafiya cikin yashi a babbar giya tana sa man giya ya yi zafi sosai, wannan man kuma ta cikin lagireto yake bi domin ya huce, wato yana ƙara wa ruwan injin kaya. Ka tsaya ka sanya ƙaramar giya ta L kafin ka shiga, ka rage iskar tayoyi zuwa wajen 20 a ma'aunin psi, ka mayar da ita idan ka hau kwalta, ka kuma kashe esi har ka fita. Idan allura ta hau kana cikin tafiya, ka kashe esi, ka kunna hita zuwa ƙarshe ka sauke gilasai, domin hita ƙaramin lagireto ce da ke janye zafi daga injin. Ka tsaya ka buɗe bonet, in ba ka ga ruwa yana zuba ko tururi yana tashi ba ka bar injin yana sulo na 'yan mintuna ka ga ko allurar za ta sauko, in ba ta sauko ba ko ka ga yoyo ka kashe shi nan take. Kada ka buɗe murfin lagireto sai babban tiyon ya huce ya yi laushi a hannunka, kada kuma ka kwara ruwan sanyi a kan injin ko a cikinsa yana da zafi, domin hakan yana iya tsaga tof silinda.